Hancin Gidan Chollom

Anguwan Rogo, Jos
Watan Fabrairu

Zuwa ga taubashina Datong,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Klaudiya da yara. Ya aikin asibiti, ya zafin Legas? Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar da keken ɗinki ya bar min. 'Yata Ummi ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. Na ji an ce babanka Kawu Chollom ya rage fita gona, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun ranar da ka kashe min waya a kunne na rantse ba zan ƙara kiranka ba sai ka fara kira, kai ma kuma na san taurin kanka, jini ɗaya ne. Ga shi shekara ta zagayo ba wanda ya nemi wani. To ita takarda ba a kashe ta. Arinze direban motar dankali zai kawo maka ita har ƙofar asibitinku.

A kan ɗana Abdulfatah ne. Ranar nan ba ka bari na gaya maka yadda abin ya faru ba, ina fara zagin samarin wajenku ka katse. Yau sai ka ji.

Da hantsi ya ɗauki fasinja a keke napep zuwa wajen Naraguta, bai san gari ya rikice ba. Samari sun tare hanya da tayoyi da duwatsu. Suka tambayi sunansa, ya faɗa, shi ke nan. Suka finciko shi daga cikin keken suka kwantar da shi a kwalta. Ɗaya ya taka masa wuya, ɗaya ya ɗaga katakon benci ya sauke masa a tsakiyar fuska. Ya ce sai da ya ji ƙarar ƙashin a cikin kansa kafin ya ji zafin. Har an kawo jarkar fetur. Sai ga Baba Hezekiya, abokin Kawu tun suna haƙar kuza, ya kutsa cikinsu da sandarsa. Ya durƙusa, ya cire hularsa ya share jinin, ya ƙura wa yaron ido. Ya ce musu, "Ku tsaya. Ko a fashe na san hancin nan, na gidan Chollom ne. Wannan jikan Ana ne. Ku ƙone shi, sai ku je ku gaya wa Chollom da bakinku." Da haka suka sake shi.

Ka ga ke nan. Abin da nake yi maka dariya a kai tun muna wasan ƙasa, shi ya dawo min da ɗana. Innata Ana ta bar gidan ubanta ta auri Bahaushe, ta sake addini, ta sake sutura, amma hancin nan sai da ta taho da shi. Ta ba ni, ni ma na ba yaron.

A nan Jos aka yi masa aikin farko cikin gaggawa, asibitin cike da masu rauni har ƙasa. Ba na zagin kowa, sun tsayar da jini. Amma ƙashin ya haɗe a karkace. Karan hancin ya kwanta hagu, ya ƙara bajewa, ƙofa ɗaya ta toshe gaba ɗaya. Da baki yake numfashi. In ya kwanta minsharinsa kamar injin markaɗe, ya tashi maƙogwaro a bushe, ga haɓo duk ranar da rana ta yi zafi. Likitan nan ya ce dole a sake aiki, amma sai shekara ta cika tabon ciki ya yi laushi. To ta cika.

An ce a asibitinku akwai masu wannan aikin. Kai ne mai miƙa musu wuƙa a ɗakin tiyata, ka san wanda hannunsa ke da kyau. Zan turo maka shi. Ɗanka ne, ko muna faɗa ko ba ma yi.

Kuma tun da buɗewa za a yi, ka ce wa likitan ya taimaka ya kwashe masa wannan faifan hancin naku gaba ɗaya. Gadon wahala ne, mun ɗauka ya ishe mu. A yi masa siriri miƙaƙƙe irin na mutanen kirki, ya daina kama da ku, ko Allah ya sa ya samu matar aure.

Taubashiyarka,
Kubra


Legas
Watan Maris

Zuwa ga Kubra,

Takardarki ta same ni lafiya. Klaudiya tana gaishe ki, yara ma haka. Hawan jinina ya ɗan sauka. Ki riƙa ɗaga ƙafar a kan kujera in kin tashi daga ɗinki, gwiwar za ta yi sauƙi.

Abdulfatah ya iso, yana ɗakin yaranmu. Ban san an kawo fetur ranar nan ba. Da na kai wurin na ajiye takardar, ban iya cin abinci ba. Ina jin wasu daga cikin samarin nan na san iyayensu.

Dokta Chinenye ta duba shi, ta sa an ɗauki hoton ƙashin. Ta ce aiki na biyu ya fi na farko wuya, saboda ciki ya cika da tabo, kuma guringuntsin da ya raba ƙofofin biyu ya murƙushe. Za ta sake karya ƙashin ta gefe biyu, ta dawo da shi tsakiya, sannan ta yanko ɗan guringuntsi daga haƙarƙarinsa ta yi wa hancin ginshiƙi. In aka tsaya a nan zai yi numfashi, hancin ya koma kusan yadda Allah ya yi shi. In kuma ana so, a wannan karyawar za ta iya matso da ƙasusuwan ciki, karan ya tsuke ya tashi. Wannan na biyun in an yi ba a mayarwa.

Ta tambayi yaron wanne yake so. Tun kafin ta rufe baki ya ce na biyun. Daga baya ya gaya min abin da ban sani ba, cewa a unguwarku ma 'yan sintiri sun taɓa tare shi a bakin layi, suka mare shi, suka sa shi karanta Fatiha, wai fuskarsa ta yi kama da ta waɗancan. Ya ce ya gaji da fuskar da ake duka ta ko'ina. Ya ce ke ma haka kike so.

Na sake karanta ƙarshen takardarki. Na gane. Bayan abin da aka yi masa ba ni da bakin cewa komai. Za a yi yadda kika ce, ba zai ƙara kama da mu ba. An sa aikin farkon watan gobe.

Ɗan'uwanki,
Datong


Anguwan Rogo, Jos
Ƙarshen watan Maris

Taubashina mai faifan hanci,

Ina gaisuwa. Madalla da jin hawan jinin ya sauka, da ma tuwon Klaudiya ne ke tayar da shi, gishirinta ya yi yawa. Gwiwa tana nan, na ɗaga ta a kujera kamar yadda oga nas ya ce.

Na yi dariya har sai da Ummi ta leƙo ta ga ko lafiya. "Ba zai ƙara kama da mu ba." Kai dai har ka tsufa ba za ka daina wasa da fuska a ɗaure ba. Na tuna ranar da ka gaya wa Inna, ko murmushi babu, wai kaza ce ta buɗe kwano ta shanye furar Babana ta mayar da murfin.

Amma ka saurara, ban yarda da yaron nan ba. Miƙewa kawai za a yi, kada a taɓa faɗin. A titi yake neman abincinsa, kullum yana ratsa unguwarmu da taku. Waɗanda suka mare shi a nan na bi su har gidajen iyayensu na wanke su tas, kuma mari ana warkewa. Can wajenku kuwa ba ni da bakin da za a ji, hancin ne kaɗai ke yi masa magana. Na gaya masa haka a waya, ya ce "to Mama," irin to ɗin nan da ba ta wuce leɓe ba. Ka tsaya a kansa.

Gari ya sake ɗaukar zafi. Jiya da rana tsaka samarinmu suka kama Anene mai gyaran lantarki a bakin layinmu, mutumin da ya yi shekaru yana shiga gidajenmu. Ina kallo ta tagar shago suka kayar da shi, ɗan gidan maƙwabciyata ya ɗaga bulo ya fasa masa kai. Yaron da na ɗinka wa kayan suna. Na fito da almakashi a hannu ina kiransu da sunayen uwayensu ɗaya bayan ɗaya, ni da Malam Jika mai shayi muka ja mutumin cikin shago muka sa sakata. Suka yi ta jifan ƙofar har sojoji suka zo. Jininsa ya jiƙa shaddar mutane, kunnensa ɗaya yana lilo. Ya rayu, an ce. Na gaya maka ne don ka san ba naku kaɗai nake kira dabbobi ba.

An sa dokar hana fita. Arinze ya ce zai tashi da zarar an buɗe hanya.

Taka,
Kubra


Legas
Watan Mayu

Kubra,

Ina gaishe ki da Ummi. Na gode wa Allah da ya tsare ku. Mu ma lafiya, sai dai ba na barci sosai.

Takardarki ta iso bayan an cire masa filasta. Arinze ya ce da aka buɗe hanya dankalin ya riga ya fara ruɓa, ya sauke, ya jira wani lodi, sannan motar ta lalace masa a Lokoja. Ya miƙo min ita yana ba ni haƙuri, bai san abin da ke ciki ba. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofar asibiti, sai da na nemi wurin zama.

An yi aikin, kuma na biyun aka yi. Ina cikin ɗakin. Da ta ɗaga fatar, ciki duk ya cakuɗe, sai da ta yi ta yanke tabo kafin ta ga ƙashin. Ni na miƙa mata ɗan cizal na sassaƙa ƙashi da guduma. Ta sa a gefen hagu ta buga, ta sa a dama ta buga, ina jin ƙarar, ƙas, ƙas. Na yi shekaru ina jin wannan ƙarar ban taɓa damuwa ba, ranar nan sai na tuna katakon benci. Sannan ta sa yatsu biyu ta matse ƙasusuwan suka haɗu a tsakiya. Ina kallo fuskar Baba ta fita daga fuskar yaron, na ce a raina abin da uwarsa ke so ke nan.

Kubra, tun muna yara in kin zagi hancina ina ganin haƙoranki a waje. A takarda ban ga haƙora ba. Na ga fetur a sama, na ga "ya daina kama da ku" a ƙasa. Kuma magana ta ƙarshe da na ji daga bakinki kafin wannan ita ce mu dabbobi ne. Da na kira ki na tambaya da ba a kai nan ba. Wayar tana aljihuna kullum.

Na tambayi Abdulfatah ko kin hana shi. Ya sunkuyar da kai. Ban yi masa faɗa ba, ba a tayar wa mai sabon ɗinki hankali.

Abin da zan iya gaya miki mai daɗi shi ne yana numfashi ta ƙofa biyu, yana barci baki a rufe. Kumburin yana sauka. Hancin ya miƙe, ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Yakan daɗe a gaban madubi. Klaudiya ta ce da a kasuwa ta gamu da shi sai ta ɗauka ɗan Fulani ne.

Dokta ta ja masa kunne kada wani abu ya bugi hancin har ƙashin ya kama sosai, domin aiki na uku ba lallai ya yiwu ba. Zai taho ƙarshen wata.

Ɗan'uwanki,
Datong


Anguwan Rogo, Jos
Watan Yuni

Datong,

Ina gaishe ka don Inna ta koya min gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Lafiyata ƙalau, in ka damu ka sani.

Ina kan keke ina ɗinki wani saurayi ya yi sallama a ƙofar shago da jaka a kafaɗa. Na ɗaga kai na ce, "Ɗinki aka kawo?" Ɗan da na haifa, Datong. Sai da ya ce "Mama" na gane shi. Na tashi na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, ya sa tafin hannu biyu ya rufe hancin, na tuna an ce kada a buga. Madubin shagon na sauke wa abin guga. Har yanzu ina tsintar gilas a cikin yadi.

Duk unguwa sai barka ake yi min. 'Yan matan da ba sa amsa gaisuwarsa yanzu kekensa suke jira. Maƙwabciyata, uwar mai fasa kai da bulo, ta shigo ta ce min yanzu ne ya zama ɗan gida sosai. Na nuna mata ƙofa.

Ka san Inna ba ta bar min hoton kirki ba, ba ta son a ɗauke ta. In na yi kewarta sai in zauna in kalli yaron nan yana cin tuwo, hancin yana zufa kamar nata. Yanzu baƙo ne ke cin tuwo a gidana. Kun sake binne min ita, kuma kai ka miƙa guduma.

Wai ba ka ga haƙora ba. Ni 'yar gwaggonka ce, kai ɗan kawuna. Yaushe na taɓa yi maka maganar hanci da gaske? Ranar aurenka a gaban fasto na ce a kawo zobe na uku a sa wa hancin, ka yi dariya har da hawaye. An yi rikici nawa a garin nan muna wasanmu. An ƙona kasuwa, an raba unguwanni, mutanenku sun kwashe daga layinmu, namu sun kwashe daga naku, wasan nan ne kaɗai ba a iya raba mu da shi ba. Sai ga shi kai da kanka ka karanta ni yadda ɗan tare hanya zai karanta ni. Wannan ya fi hancin yi min ciwo, kuma ban yafe ba tukuna.

Kawu ya aiko ƙaninka Dachung. Jikin ya yi nauyi, ba ya tashi, ya ce a kawo masa jikan Ana ya gani. Zan kai shi da zarar gari ya lafa. Ban san da wane baki zan ce masa ga shi ba.

Kubra


Asibiti, Jos
Watan Agusta

Taubashina,

Ina gaisuwa. Ba ka amsa waccan ba, ban kuma ga laifinka ba. Wannan ba ta hannun Arinze za ta zo ba, Ummi za ta ɗauki hotonta a waya ta tura maka, na gama da motar dankali. Kada rubutun ya ba ka tsoro, ido ɗaya nake gani da shi, ɗayan ya kumbura ya rufe. Muna raye ni da Abdulfatah. Ka fara riƙe wannan.

Ranar Asabar da safe muka kama hanyar gidan Kawu a keken Abdulfatah, shi ke tuƙi. Na dafa masa gwaten acca yadda Inna ke yi, na ɗora tukunyar a cinya da zafinta. An yi ruwa, masara ta yi kore har bakin titi, gari shiru. Ba mu san an shiga wani ƙauye a bayan duwatsu an kashe mutane ba, an ce makiyaya ne.

Muna wuce Naraguta, daidai inda ake karyawa zuwa tsohon kududdufin kuza, muka tarar da samari sun tare hanya. Adduna, gorori, ƙarafan rodi. Wani a cikinsu idonsa ja wur, daga baya na ji ƙaninsa na cikin waɗanda aka kashe.

Ɗaya ya leƙo ya ce da irin Hausarsu, "Mama, ina za ka?"

Na ce gidan Chollom, kawuna ne. Suka dubi hijabina suka yi dariya. Wani da ya ɗan manyanta ya matso ya ƙare min kallo, ya ce, "Ku bar shi. Wannan fuskar Baba Chollom ne, ba ƙarya." Sai ya juya kan mai tuƙi. "Wannan fa?"

Na ce ɗana ne.

Ya ce, "Mama, kar ka yi mana wayo. Duba hancinka, duba na shi. Wannan Fulani ne, su ne sun shiga mana jiya."

Abdulfatah ya shiga jero sunaye, Ana, Chollom, Datong, Dachung. Suka ce koya masa aka yi. Na ce to a kira Baba Hezekiya, gidansa ga shi can. Suka aika. Da na hango tsohon yana tahowa da sandarsa sai na ji sanyi a raina, har na yi hamdala a fili. Ya gaishe ni da sunana, ya tambayi Ummi. Suka nuna masa yaron. Ya matsa kusa har numfashinsu na haɗuwa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kubra, ke na san ki. Yaron da na ɗaga bara ma na san shi. Wannan ba shi ba ne."

Ba mugunta ya yi ba, Datong. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Na fara bayanin Legas da likita da haƙarƙari, amma mai adda a hannu ba ya sauraren labarin tiyata.

Suka fizgo shi ƙasa. Ka san abin da ɗan banzan nan ya yi? Bai kare kansa ba, bai kare cikinsa ba. Hannu biyu ya sa ya rufe hancin, kamar yadda likitarku ta ce. Gora ta sauka a kan yatsun, ina jin suna karyewa, bai cire ba. Mai jan ido ya sare shi a kafaɗa, rigar ta buɗe, naman ya buɗe. Na watsa masa gwaten a ƙirji da tukunyar gaba ɗaya, ya yi baya yana ihu. Na faɗa kan ɗana na rufe shi da bayana, fuskata a sama, ina zaginsu da yaren Inna, 'yan kalmomin da na iya, waɗanda take yi mana faɗa da su. Rodin da aka ɗaga dominsa a fuskata ya sauka. Ƙarar nan da yaron ya ce ana ji a cikin kai kafin zafi, gaskiya ya faɗa.

Jini ya cika min baki. Ina jin Baba Hezekiya yana cewa, "Kun fasa fuskar 'yar Ana." A ƙarƙashina kuma Abdulfatah yana kuka yana cewa, "Baba, ni ne. Da hularka mai ruwan ƙasa ka share min jini, ka ce in riƙe ta in danne." Tsohon ya yar da sanda ya kwanta a kanmu mu biyu. Ya ce duk mai son ƙara bugu ya fara da shi. A nan suka tsaya. Har motar sojoji ta zo yana zaune a kwalta yana kuka, yana shafa kan yaron yana cewa me aka yi wa fuskarka.

Yatsun Abdulfatah sun karye a hannu biyu, an ɗinke kafaɗar. Ba zai riƙe kan keke ba sai Allah ya yi ikonsa. Hancin Dokta Chinenye kuwa ko ƙwarzane babu, ka gaya mata aikinta ya yi ƙarko. Ba ya iya haɗa ido da ni. Na ce masa ya bari, fuskarsa ce, kuma ba shi ya tare hanya ba.

Ba a gaya wa Kawu ba. Dachung ya ce kullum sai ya tambaya ko mun iso.

Nawa hancin ya tafi. Likitan nan ya ce ƙashin ya farfashe, ya lotsa ciki, sai kumburi ya sauka a san yadda za a gina shi. Ya ce in nemo tsohon hotona da za a bi. Na ce masa ina da abin da ya fi hoto, yana Legas yana fushi.

Inna ta tafi da nata, na yaron ya tafi, Kawu ma yana gab da tafiya da nasa. A wannan ɓangaren garin ni kaɗai na rage da shi, kuma yanzu duk inda Abdulfatah zai bi sai dai in zauna a bayansa fuskata ta yi masa shaida. Don haka ka zo ka ɗauke ni ka kai ni wurin likitarku. Ka zauna a gabanta ta dubi naka ta yi min irinsa sak, da faɗin da bajewar da komai, kada ta rage ko kaɗan. Na ja layi a ƙarƙashin wannan don kada ka tsaya neman haƙora, biyu ma sun fita. Ba wasa nake ba.

Taubashiyarka,
Kubra


Legas
Watan Agusta

Taubashiyata,

Na gode wa Allah da ya bar min ku. Na kira wayarki sau da yawa, Ummi ta ce bakin bai buɗuwa sosai tukuna. Ba komai. Ki dai shaida ni na fara kira.

Na karɓi hutu. Dokta Chinenye ta karanta abin da likitanku ya rubuta, ta ce za ta yi da zarar kumburi ya sauka. Na gaya mata abin da kika ce, sai ta zaunar da ni ta ɗauki hoton hancina ta gaba da ta gefe. Ta ce tun da ta fara aiki ba a taɓa kawo mata irin wannan a ce shi ake so ba. Na ce mata ba ta san gidanmu ba ne.

Kafin mu taho Legas za mu je wurin Baba, mu uku. Dachung zai tuƙa, ni zan zauna a gaba kusa da shi, duk wanda ya tare mu ya fara ganin nawa. Ni zan kama hannun Abdulfatah in kai shi bakin gadon in ce ga jikan Ana, in kuma gaya wa Baba wanda ya miƙa guduma.

Gobe da safe zan taso. Na kama kujera biyu a motar Jos, ɗaya tawa, ɗaya ta hancin. Wannan kam wasa ne. Kada ki yi dariya da ƙarfi, ɗinkin zai buɗe.

Taubashinki,
Datong